Yini Guda a Karkarar Ingila: Tarihin da Ke Bayan Ƙofar Lambu da Shagon Mai Sana'a

 

Yawancin labaran ziyara da ke zuwa hannunmu hanya ɗaya suke bi: an tashi ƙarfe kaza, an isa ƙarfe kaza, wuri ya yi kyau, an ɗauki hotuna, an dawo lafiya. Mai karatu ya gama bai ƙaru da komai ba, sai dai ya san motar ba ta lalace a hanya ba. Don haka muka ɗauko wata ziyara da ba a ƙasarmu ake yin ta ba, mu tona ta tare, mu ga yawan tarihin da yini guda ke iya ɗauka.

A Ingila, daga watan Afrilu zuwa Oktoba, al'ada ce ƙungiyoyi su haɗa kuɗi su ɗauki hayar bas su fita karkara. Akwai ƙungiyoyin mata, da na 'yan fansho, da na masu sha'awar shuke-shuke. Da safe a zaga shagunan masu sana'ar hannu, da rana a shiga lambun wani tsohon gidan masu ƙasa, a sha shayi, a sayi tsaraba, a dawo kafin dare. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi zuwa shi ne arewacin yankin Cotswolds, a gundumar Gloucestershire, tafiyar awa biyu zuwa uku a mota daga Landan. Zango uku za mu duba a can, kuma ba su da nisa da juna: lambun Hidcote, da garin Chipping Campden, da maginar tukwane ta Winchcombe. Amma kafin mu isa, sai mun fara tambayar yadda aka yi talakan Ingila ya sami ranar fita, da yadda aka yi mai gida ya yarda a shigar masa lambu.

Ranar hutu da abin hawa

A ƙarni na 18 ma ana ziyartar manyan gidajen karkara, sai dai mai doki da karusa ne ke zuwa. Baƙo zai tsaya a ƙofa, a dubi shigarsa, idan ya yi kama da ɗan babban gida sai matar da ke riƙe da makullai ta zaga da shi, ya ba ta tukuici. A 1776 an ƙidaya baƙi 2,324 a gidan Wilton. Lambun Stowe ya sami littafin jagora tun 1744. Horace Walpole, mai gidan Strawberry Hill, da baƙi suka dame shi sai ya buga ƙa'idoji a 1784: sai da tikiti, mutum huɗu kawai a ayari, kuma kada a zo da yara. Wanda ya karanta Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813, zai tuna cewa irin wannan zagayen ne ya sauya tunanin tauraruwar labarin game da mai gidan.

Leburan masaƙa da ɗan ƙwadagon gona ba sa cikin wannan lissafi. Kwana shida suke aiki, Lahadi kuma ta coci ce. Abu biyu ne suka sauya lamarin. Na farko jirgin ƙasa. Ranar 5 ga Yuli 1841 wani mai wa'azin hana shan giya, Thomas Cook, ya shirya wa mutane kusan 500 tafiya daga Leicester zuwa Loughborough a kan sule ɗaya kowane mutum, zuwa da dawowa. Daga nan sana'ar shirya wa jama'a tafiya a ayari ta kafu. Da layin dogo ya isa Rowsley a 1849, kusa da gidan Chatsworth na basaraken Devonshire, sai baƙi suka kai kimanin 80,000 a shekara, da yawansu ma'aikatan masana'antu daga biranen da ke kewaye.

Na biyu doka. Dokar masana'antu ta 1850 ta sa mata da matasa a masaƙu su tashi ƙarfe biyu na rana ran Asabar. A 1871 ɗan majalisa John Lubbock ya kawo dokar da ta ware ranaku huɗu na hutun ƙasa a shekara. Dokar hutu da albashi ba ta zo ba sai 1938. Wato daga tafiyar Cook zuwa ranar da doka ta fara kula da cewa ma'aikaci ya huta kuma a biya shi, an yi shekara 97. Dattijuwar da ke zaune kusa da tagar bas a yau, jikar waɗanda suka yi wannan jira ce.

Yadda ƙofa ta buɗe

A ɓangaren masu gidajen, dukiyarsu a ƙasa take. Manoma ke biyan su haya, da hayar ake biyan barori da masu aikin lambu. Daga ƙarshen shekarun 1870 alkamar Amurka mai araha ta cika kasuwannin Birtaniya, farashi ya faɗi, haya ta bi shi. A 1894 ministan kuɗi William Harcourt ya shigo da harajin gado, wanda mafi girmansa a lokacin kashi 8 cikin ɗari ne. A 1919 ya kai kashi 40, a 1949 ya kai kashi 80. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye magada da yawa, ya kuma kwashe samarin da ke aikin lambu. A Chatsworth akwai wani ƙaton ɗakin gilashi na renon tsirran ƙasashe masu zafi, wanda Joseph Paxton ya gina. A lokacin yaƙi babu gawayin ɗumama shi, babu ma'aikata, tsirran suka mutu, aka rushe shi a 1920.

Da basaraken Devonshire na goma ya rasu a 1950, harajin da ya hau kan iyalinsa ya kai kusan fam miliyan 7. Suka sayar da filaye, suka miƙa kayan tarihi, suka kuma rabu da ɗaya daga cikin gidajensu, Hardwick Hall. Su ma masu sa'a ne, domin a 1955 ana rushe babban gida ɗaya kusan duk kwana biyar a ƙasar. Sai a 1974, da gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya yi baje kolin hotunan ɗaruruwan gidajen da aka rushe, hankalin jama'a ya tashi sosai.

Hanya uku aka bi aka tsirar da waɗanda suka rage, kuma kowacce ta ratsa ta aljihun mai ziyara. Ta farko ta sadaka ce. A 1926 wata mata mai suna Elsie Wagg ta ba da shawarar masu lambuna su riƙa buɗe su na yini guda, a karɓi sule ɗaya a ƙofa, a tara wa ma'aikatan jinya masu bi gida-gida. Lambuna 609 suka buɗe a shekarar farko, aka tara sama da fam 8,000. Tsarin yana nan har gobe.

Ta biyu ta amana ce. Ƙungiyar National Trust, wadda Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley suka kafa a 1895, asalinta don talakan birni ya sami filin shan iska ne. Ginin farko da ta saya, wani tsohon gidan limamin coci a Alfriston, fam 10 ta biya a 1896. Dokar 1907 ta ba ta ikon riƙe kadara ta yadda ba za a sake sayar da ita ba, abin da zai tuna mana da waƙafi. Dokar 1937 kuma ta ba mai gida damar miƙa gidansa ga ƙungiyar, a yafe harajin gadon, iyalinsa su ci gaba da zama a wani sashe, da sharaɗin jama'a su riƙa shiga.

Ta uku kasuwanci ce tsagwaronta. A 1949 basaraken Bath ya buɗe gidansa na Longleat, kuɗin shiga sule biyu da sisi. A 1966 ya zuba zakoki a filin gidan don a ƙara zuwa kallo. Takwarorinsa sun yi ta tsegumi, amma gidansa bai rushe ba. Hausawa na cewa dole uwar na ƙi. Jikan mutumin da a da mai gadinsa ke duba takalmin baƙo kafin ya buɗe ƙofa, shi ne ya koma tsaye a bakin ƙofar yana sayar da littafin jagora.

Zango na farko: Hidcote

Hidcote gidan gona ne da wata attajira 'yar Amurka, Gertrude Winthrop, ta saya a 1907. Ɗanta Lawrence Johnston, wanda aka haifa a Faris a 1871, ya zama ɗan Birtaniya a 1900, ya yi yaƙi a Afirka ta Kudu, ya kuma yi Yaƙin Duniya na Ɗaya inda ya ji mummunan rauni. Wurin tudu ne mai iska, babu abin a zo a gani. Dabarar da ya yi ita ce ya yanka filin, wanda bai fi eka goma da 'yan kai ba, zuwa ɗakuna-ɗakuna. Bangon kowane ɗaki shingen itatuwa ne masu rai da ake aske su su miƙe sambal. Shingen na tare iska, yana kuma hana ido ganin gaba, sai mutum ya bi ta wata ƙofa ya faɗa wani ɗakin mai launi daban. Akwai na fararen furanni zalla, akwai layin jajaye. Duk wanda ya taɓa shiga gidan gargajiya na ƙasar Hausa daga zaure zuwa shigifa zuwa tsakar gida zai gane wannan hikima ta ɓoye gaba sai an taka.

Johnston ya je neman tsirrai Afirka ta Kudu a 1927, ya je lardin Yunnan na ƙasar Sin a 1930. Da tsufa ya kama shi, ba mata ba ɗa, sai ya miƙa wurin ga National Trust a 1948, ya koma kudancin Faransa inda ya rasu a 1958. Hidcote ne wuri na farko da ƙungiyar ta karɓa saboda lambunsa, ba don ginin da ke ciki ba.

Sunan Johnston na kan lavanda da wasu furanni da ake sayarwa a duniya, ko nasa ko na gidansa. Amma shinge ba ya aske kansa. Ayarin ma'aikata ne suka yi haƙa, suka kai taki, suka yi dashe cikin sanyi, ƙarƙashin shugabansu Frank Adams. Sunansa ya tsira domin shi ne babba. Na sauran kuwa sai mai bincike ya shiga takardun albashi.

Akwai kuma tambayar inda kuɗin irin waɗannan gidaje suka fito. Ba nisa da Hidcote akwai gidan Sezincote, wanda aka fara gininsa wajen 1805, da ƙubba a samansa irin ta gine-ginen sarakunan Mughal na Indiya. Charles Cockerell ne ya gina shi da dukiyar da ya tara a aikin kamfanin Turawa mai mulkin Indiya. A watan Satumba 2020 National Trust da kanta ta fitar da rahoto cewa 93 daga cikin wuraren da take riƙe da su suna da alaƙa da mulkin mallaka ko cinikin bayi. Misali mafi fitowa fili shi ne fadar Penrhyn a Wales, wadda iyalinta ke da gonakin rake a Jamaika. Da aka haramta bauta a 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya masu bayi diyya, mai Penrhyn ya karɓi fam 14,683 a kan mutum 764. Bayin ba su sami ko kwabo ba. Rahoton ya tada ƙura a jaridu da majalisa, wasu na cewa an ɓata musu yawon shan iska.

Wasu lambunan kuma a kan kufai suke. A Nuneham Courtenay wajen 1760, da Milton Abbas a shekarun 1770, masu ƙasa sun tashi gari sukutum suka mai da shi gefe, don kada bukkokin talakawa su tare musu kallo daga taga. Koren filin da baƙo ke yaba wa a yau, wani a can aka binne cibiyarsa.

Zango na biyu: Chipping Campden

Campden garin ulu ne. A ƙarni na 14 da na 15 fataken Turai na rububin gashin tumakin Cotswolds, kuɗin suka gina babban cocin garin da gidajen dutse masu ruwan zuma da ke kan babban titinsa. Gidan falke William Grevel, wanda ya rasu a 1401, yana tsaye har yanzu, haka ma rumfar kasuwa da aka gina a 1627. Da cinikin ulu ya koma wasu wurare sai garin ya yi barci. Talauci ne ya adana shi, domin babu mai kuɗin da zai rushe tsohon gini ya ɗora sabo.

Shagunan sana'a da ake zuwa gani a yau ba daga zamanin ulu suka taso ba. Tushensu wani yunƙuri ne na ƙarni na 19. John Ruskin da William Morris sun dubi masana'antun Ingila suka ce inji ya raba ma'aikaci da aikinsa: mutum ya wuni yana buga ƙusa iri ɗaya, bai taɓa ganin kujerar da aka gama ba. Suka yi kira a koma ga aikin hannu, inda mai ƙira shi ne mai zane. Wani matashin mai zanen gine-gine, Charles Robert Ashbee, ya ɗauki maganar da gaske. A 1888 ya kafa ƙungiyar masu sana'a a unguwar talakawa ta gabashin Landan, ya tara samari ya koya musu ƙirar azurfa da tagulla, da sassaƙa, da aikin kafinta, daga baya har da ɗab'i.

A 1902, bayan ma'aikatan sun kaɗa ƙuri'a, ƙungiyar ta yi ƙaura zuwa Campden, kimanin mutum 150 har da mata da yara. Suka kama wata tsohuwar masaƙar siliki suka mai da ita maƙera. Suka buɗe makarantar dare, suka gina wurin iyo, suka riƙa yin wasan kwaikwayo. Mutanen gari ba duka suka yi murna ba, domin baƙin na karɓar albashin da ya ninka na ɗan ƙwadagon gona, wasu iyalai kuma sun rasa gidajen haya saboda su.

Mafarkin bai cika shekara shida ba. Masu sayen kayan suna Landan, ɗaukar kaya zuwa can na cin kuɗi. Idan ciniki ya yi ƙasa a birni maƙeri na iya neman aikin wucin gadi a maƙwabta, a ƙauye kuwa babu inda za shi. Ga manyan kantuna irin su Liberty suna fitar da kaya masu kama da nasu, waɗanda inji ya taimaka wajen yi, a farashi mai sauƙi. Zuwa 1908 kamfanin ya rushe, yawancin ma'aikatan suka koma birni. Wannan ita ce matsalar da ta dami Morris kansa: aikin da aka yi don 'yanta talaka, mai kuɗi ne kaɗai ke iya sayensa.

Amma wasu sun ƙi tafiya. Wani maƙerin fari, George Hart, ya ci gaba da aiki a wannan masaƙa yana haɗawa da noma. Zuriyarsa na nan a bene ɗaya suna ƙera azurfa da hannu, sama da shekara 120 bayan zuwansa. Baƙon da ya hau matakalar ya ji ƙarar guduma, abin da ya rage ne yake ji daga wani gwaji da ya karye a matsayin kamfani, ya rayu a matsayin sana'ar gida.

A nan ne kuma ƙasarmu ta fara leƙowa. Ɗaya daga cikin manyan masu ɗinkin bangon littafi na wannan yunƙuri, Douglas Cockerell, ya wallafa littafin koyar da sana'ar a 1901, inda ya fifita fatar akuyar da suke kira ta Neja, wadda kamfanin Royal Niger ke kai musu. Fatar jar akuya ce irin ta Sakkwato da Maraɗi, wadda majemanmu suka jeme da bagaruwa. Tun kafin nan ma tana ratsa Sahara zuwa Turai, inda ake kiranta da sunan Maroko saboda ta can take bi. Littattafan da aka lulluɓe da ita suna ɗakunan karatu na Ingila, da sunan mai ɗinki a ciki. Sunan majemi ko ɗaya babu.

Zango na uku: Winchcombe

Kudu maso yamma da Campden akwai garin Winchcombe. A gefensa akwai wata tsohuwar magina da ta daina aiki lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1926 wani matashi da ya yi karatu a Oxford, Michael Cardew, wanda ya koyi ginin tukwane wurin Bernard Leach, ya karɓe ta. Ya nemo tsohon maginin wurin, Elijah Comfort, ya dawo da shi bakin aiki, ya kuma ɗauki wani yaro, Sidney Tustin. Burinsa ya yi kwanuka da tulunan amfanin yau da kullum da jan yumɓun wurin, a farashin da matar manomi za ta iya biya. Ray Finch ya shigo a 1936, ya sayi maginar a 1946, kuma tana aiki har yau da shagonta.

Cardew bai zauna ba. A 1942 ya tafi Achimota a ƙasar da ake kira Ghana yanzu. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi jami'in harkar tukwane. Ya zaga Arewa yana duba yumɓu da itacen wuta da ruwa, ya tsaya a Abuja ta asali, wadda muke kira Suleja yanzu, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane da goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau. A gidan sarkin ya ga wasu tuluna da suka ɗauke masa hankali, aikin wata Bagwariya daga Kwali. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko.

Ta koyi juya yumɓu a kan faifai, amma abin da ya fitar da ita shi ne aikin da ta taso da shi: gina tulu da hannu, da zana ƙadangare da kada da kunama da kifi a jikinsa. An baje kolin aikin Abuja a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta je Ingila ta gina tulu a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma na bayan takardar naira ashirin da ke aljihunmu.

Akwai abin lura a nan da marubuci bai kamata ya tsallake ba. Tulun gargajiya na sanyaya ruwa ne saboda jikinsa na tsattsafo, iska na busar da gumin. Da aka gina shi da yumɓu mai tauri, aka shafe shi da ruwan ƙyalli, aka gasa da wuta mai tsanani, sai ya yi nauyi, ya kuma daina gumi. Ya tashi daga gindin randa ya koma kan teburin ado. Ƙaddarar azurfar Campden ce ta sake faruwa a bakin kogin Iku: darajar aikin ta hau, masu amfani da shi na asali suka daina iya taɓa shi.

Duk da haka Ladi ta sami abin da majemin Sakkwato bai samu ba. A gindin kayanta akwai hatimi biyu, ɗaya na haruffan sunanta, ɗaya kuma kalmar Abuja da rubutun ajami. Saboda wannan hatimi, da abin da aka rubuta a kanta, duk inda tulunta ya shiga a duniya ana sanin hannun da ya gina shi.

Abin da ya rage gare mu

Rubutun tafiya ba baƙo ba ne a adabinmu. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Abin da ya sa ake komawa ga irin waɗannan littattafai shi ne marubutan sun yi tambaya a inda wasu suka tsaya kallo.

Mu ma muna da wuraren da ake kai baƙi: marinar Ƙofar Mata, layin dukawa a kasuwar Kurmi, Gidan Makama, Gidan Ɗan Hausa, Gobarau a Katsina, tsohon garin Damagaram. Tarihin Ingila da muka bi ya nuna cewa irin waɗannan wurare ba sa tsira da kansu. Can ma an rushe ɗaruruwa kafin a farga, waɗanda suka rage kuma sun rage ne saboda an sami doka, da kuɗin shiga, da mutanen da suka rubuta darajarsu har jama'a suka yarda. Na ukun nan aikinmu ne, ba sai mun jira kowa ba.

Saboda haka idan ƙungiya ta fita ziyara, a ɗauki littafin rubutu tare da waya. A tambayi wanda ya gina wurin da shekarar da aka gina shi. A tambayi inda kuɗin suka fito, da wanda ke zaune a wurin kafin a gina. A zauna da marini ko baduku ko magina a tambayi sunansa, idan ya yarda a rubuta, da sunan wanda ya koya masa, da nawa yake sayen kayan aiki, da wanda ke sayen abin da ya gama, da ko 'ya'yansa na koyo. Abin da aka ji daga bakin mai jagora a gwada shi da wata majiya kafin a buga, domin allon bakin ƙofa abin da mai wuri ke so a sani kawai yake ɗauka. Dattijan da suka san amsoshin nan kullum raguwa suke yi, kuma wanda ya tafi da nasa sani ba a rubuta ba, ya bi sahun majeman da fatarsu ke Ingila.

Muna jiran gyara da ƙarin bayani daga masana tarihin da ke cikinmu. Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.